BANI ISRA'ILA: MADUBIN DA ALƘUR'ANI YA AJIYE MANA

Matanin jawabin da aka gabatar a zaman karatu na 'yan'uwa

Muna farawa da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da Littafi, ya sanya labarun magabata a cikinsa domin su zama izina ga na baya. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga cikamakin Annabawa, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da za mu tattauna a wannan zama shi ne tarihin Bani Isra'ila kamar yadda Alƙur'ani mai girma ya ba mu shi, da kuma rabon da ya kamata mu samu daga cikinsa. Dalilin zaɓar wannan maudu'i kuwa shi ne wata ɗabi'a da muka daɗe muna lura da ita a tsakaninmu. Idan watan azumi ya kama aka zauna tafsiri, mai jan baƙi ya kawo ayoyin da ke ba da labarin taurin kan mutanen Annabi Musa (A.S.), sai ka ji masallaci ya ɗauka da salati da kaɗa kai, wasu har da dariya. Kowa yana mamakin yadda mutane za su ga teku ta dare biyu a gaban idonsu, kana su koma su bauta wa maraƙi. Daga nan sai a tashi, kowa ya kama hanyar gida yana ganin an faɗi laifin wasu, shi kuwa ya tsira.

Wannan ɗabi'a daɗaɗɗiya ce. Masu tafsiri sun ruwaito cewa an taɓa ambaton ayoyin Suratul Ma'ida masu magana a kan waɗanda ba su yi hukunci da abin da Allah ya saukar ba, a gaban Huzaifa ɗan Yamani (R.A.), sai wani mutum ya ce ai waɗannan ayoyi a kan Bani Isra'ila suka sauka. Huzaifa ya mayar masa da martani cikin gatse, yana nuna masa cewa lalle mun dace da 'yan'uwa idan har duk mai zaƙi namu ne, duk mai ɗaci kuma nasu. Sa'an nan ya rantse cewa wannan al'umma za ta bi sawunsu. Maganar tasa kuwa tana da tushe a hadisin Abu Sa'idil Khudri (R.A.) wanda Bukhari da Muslim suka fitar, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya ba da labari cewa za mu bi hanyoyin waɗanda suka gabace mu taƙi da taƙi, kamu da kamu, har da a ce za su shiga ramin damo, da mu ma mun shiga. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To yau muna so mu sauko daga kan tudun nan mu dubi abin da muke takawa.

SU WANE NE BANI ISRA'ILA?

Isra'ila shi ne Annabi Yaƙubu ɗan Annabi Is'haƙa ɗan Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare su. Daga 'ya'yansa maza 12 ne ƙabilu 12 suka tsira. Sun shiga ƙasar Masar cikin mutunci a zamanin Annabi Yusufu (A.S.), bayan tsawon lokaci kuma Fir'auna ya mayar da su bayi, yana yanka 'ya'yansu maza yana barin mata, har Allah ya aiko Annabi Musa da ɗan'uwansa Annabi Haruna suka fitar da su. Allah ya ba su Attaura, ya sanya Annabawa da sarakuna a cikinsu, ya fifita su a kan mutanen zamaninsu. Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu da Annabi Zakariyya da Annabi Yahaya da Annabi Isa duk daga cikinsu suke. Ya zo a hadisin Abu Huraira (R.A.) cewa Annabawa ne ke jagorancinsu, duk sa'ad da wani ya rasu sai wani ya gaje shi.

Ke nan muna magana ne a kan al'ummar da ta riƙi tutar tauhidi kafin mu, ta karɓi Littafi da shari'a kamar yadda muka karɓa. Wannan ne ya sa babu al'ummar da Alƙur'ani ya tsawaita labarinta kamar su. An ambaci sunan Annabi Musa sau 136, alhali sunan Muhammadu sau 4 ya zo. Sura ta 17, wato Suratul Isra'i, ana kiran ta Suratu Bani Isra'ila. Suratul Baƙara kuwa, wadda ta fara sauka a farkon zaman Madina, ta buɗe bayaninsu tun daga aya ta 40 har ta wuce aya ta 120. Ku lura da abin da ya biyo baya: labarin Annabi Ibrahim da ginin Ka'aba, sai juya alƙibla daga Baitul Maƙdis zuwa Makka, sai sanar da Musulmi a aya ta 143 cewa an sanya su al'umma matsakaiciya masu shaida a kan mutane. Wato kafin a ɗora mana amana, sai da aka karanta mana yadda waɗanda suka riƙe ta kafin mu suka yi da ita.

DARASI NA FARKO: FIR'AUNA YA NUTSE, AMMA GUNKI YA HAYE

Suratul A'arafi, aya ta 138, ta ba mu labarin cewa da ƙetare tekunsu, sai suka iske wasu mutane sun duƙufa ga gumakansu, nan take suka roƙi Annabi Musa ya sanya musu abin bauta irin na waɗancan. Ƙafafunsu ba su gama bushewa ba. Da Annabi Musa ya tafi ganawa da Ubangijinsa na dare 40, sai Samiri ya narkar da kayan ƙawar da ke hannunsu ya ƙera musu maraƙi mai kuka, suka kewaye shi, Annabi Haruna yana hana su har suka kusa kashe shi. Aya ta 93 ta Suratul Baƙara ta siffanta son maraƙin nan da abin da aka shayar da zukatansu.

Abin lura shi ne, mutanen nan ba su ce sun bar Annabi Musa ba, ba su kuma ce babu Allah ba. Sun dai daɗe cikin masu bautar abin da ido ke gani, har zuciya ta saba. An fitar da jikinsu daga Masar cikin dare ɗaya, amma fitar da Masar daga zukatansu ya ɗauki shekaru.

Kada wani ya ce wannan ya yi nisa da mu. A shekara ta 8 bayan Hijira, a kan hanyar Hunaini, wasu sahabbai sababbin shiga Musulunci suka wuce wata magarya da mushrikai ke rataya makamansu a kanta don neman albarka, ana ce mata Zatu Anwaɗi. Suka roƙi Manzon Allah (S.A.W.) ya sanya musu irinta. Kamar yadda Tirmizi ya ruwaito daga Abu Waƙidil Laisi (R.A.), Manzon Allah ya yi mamaki, ya rantse cewa maganarsu daidai take da wadda mutanen Musa suka faɗa wa Musa. In har hakan ta faru Annabi yana raye a tsakaninsu, ina ga mu?

Mu dubi gidajenmu. Mutum ne zai yi sallar Asuba cikin jam'i, da hantsi kuma yana gaban ɗan duba a buga masa ƙasa kafin ya ɗaura aure. Ɗan kasuwa ya buɗe shago, kafin ya jera kaya sai ya binne wani abu a bakin ƙofa. Uwa ta kai ɗanta makarantar allo, ga ƙullin boka a ƙugunsa. Akwai kuma maraƙin da ya fi waɗannan ɓoyuwa, wanda shi ma daga zinariya aka ƙera shi, wato dukiya da muƙami, waɗanda mutum zai sayar da gaskiyar da ya sani don ya same su. Saboda haka kiran tauhidi aiki ne na tarbiyya mai tsawo, kuma wanda ya shiga sahun masu gyara jiya bai kamata ya ɗauka cewa katin da ke aljihunsa ya wanke masa zuciya ba.

DARASI NA BIYU: ƘASƘANCI YANA KASHE HIMMA

A cikin hamada Allah ya yi musu inuwa da girgije, ya saukar musu da manna da salwa, wato wani abu mai zaƙi kamar zuma da wasu tsuntsaye, ya ɓuɓɓugar musu da idanun ruwa 12 daga dutse, kowace ƙabila da mashayarta. Duk da haka, aya ta 61 ta Suratul Baƙara ta gaya mana cewa sun ce ba za su iya haƙuri da abinci iri ɗaya ba, suka nemi kayan lambu irin su albasa da tafarnuwa da adas. Annabi Musa ya zarge su da neman musanya mafi alheri da mafi ƙasƙanci. Albasa halal ce, babu mai musu. Aibin shi ne mutanen da aka 'yanta don su ɗauki saƙon Allah, tunaninsu bai wuce tukunyar da suka baro a gidan bauta ba.

Sakamakon wannan ya bayyana ranar da aka kai su bakin ƙasa mai tsarki. Suratul Ma'ida, daga aya ta 20 zuwa ta 26, ta kawo labarin. Annabi Musa ya umurce su da shiga, suka ce akwai ƙarfafan mutane a ciki, ba za su shiga ba sai waɗancan sun fita. Mutum biyu masu tsoron Allah, waɗanda masu tafsiri suka ce Yusha'u ɗan Nunu ne da Kalibu, suka ƙarfafa musu guiwa cewa su dai kutsa ta ƙofa su dogara ga Allah. Amsar da suka bayar ita ce Musa ya tafi shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su suna nan zaune. Sai aka haramta musu ƙasar shekara 40 suna ɗimuwa a bayan ƙasa. Annabi Haruna da Annabi Musa duk sun rasu ba su shiga ba, sai a hannun Yusha'u aka buɗe ta.

Ibnu Khalduna ya yi wani kyakkyawan tsinkaye a cikin Muƙaddimarsa, inda ya nuna cewa hikimar shekara 40 ɗin nan ita ce tsarar da ta girma cikin wulaƙancin Fir'auna ta ƙare, wata sabuwa ta taso wadda ba ta san bulalar ubangida ba. Haƙiƙa wanda ya saba da durƙuso, miƙewa tana yi masa ciwo.

Sahabbai sun karanta wannan labari sun fahimce shi. Ranar Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, da Manzon Allah (S.A.W.) ya nemi shawara, Miƙdadu ɗan Aswad (R.A.) ya miƙe ya tabbatar masa cewa ba za su faɗa masa irin abin da mutanen Musa suka faɗa ba, za su tsaya ta damansa da hagunsa, gabansa da bayansa. Ibnu Mas'udu (R.A.) ya ce ya ga fuskar Manzon Allah tana haske don farin ciki. Haka ake cin moriyar ƙissa. Mu fa? Sau nawa aka kira aikin makaranta ko na marayu ko fita wa'azi ƙauye, muka ce shugabanni su je su yi, mu muna nan muna yi musu addu'a?

DARASI NA UKU: YI WA SHARI'A DABARA

Sura mafi tsawo a Alƙur'ani, mai aya 286, an sa mata sunan saniya saboda labarin da ke aya ta 67 zuwa ta 73. An kashe wani mutum, suka yi ta tura wa juna laifi, sai Allah ya umurce su da yanka saniya. Maimakon su yanka, sai suka fara da tuhumar Annabinsu da yi musu izgili, kana suka shiga tambayar shekarunta, da launinta, da irin aikinta. An ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A.) cewa da sun kama kowace saniya sun yanka da ta isar musu, amma suka tsananta sai aka tsananta musu. Akwai tambayar mai neman sani don ya yi aiki, akwai kuma tambayar mai neman ƙofar gudu. Ayar da ta biyo bayan labarin ta siffanta zukatansu da dutse, ko abin da ya fi dutse tauri.

Labarin mutanen Asabar ya fi wannan ban tsoro. Yana Suratul A'arafi, aya ta 163 zuwa ta 166. Wata alƙarya ce a bakin teku, da yawan masu tafsiri sun ce Aila ce. An hana su kamun kifi ranar Asabar, sai Allah ya jarrabe su, kifaye suna fitowa baro-baro a ranar, sauran ranaku kuma su ɓace. Ba su fito fili sun ce sun ƙi umurnin ba. Masu tafsiri sun ce sai suka riƙa kafa taru da haƙa ramuka ranar Juma'a, kifi ya faɗa ranar Asabar, su kwashe ranar Lahadi. A zahiri babu wanda ya jefa ƙugiya ranar Asabar. Sun kiyaye lafazin hukunci, sun yanka ma'anarsa. Haka kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da aka haramta musu kitse, sai suka narkar da shi suka sayar suka ci kuɗin.

Ya 'yan'uwa, tarun ranar Juma'a yana nan a garuruwanmu. Mene ne auren kisan wuta, inda mutum zai saki matarsa saki uku, kana a nemo wani a yi yarjejeniya da shi ya aure ta na kwana ɗaya, alhali Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa? Mene ne canza wa riba suna, da kiran cin hanci goro? Mene ne ajiye mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban? Mene ne mai dukiya ya ba matarsa kyautar dukiyarsa gab da cikar shekara, bayan wata guda ta mayar masa, don kada zakka ta hau kansa? Mene ne a ce gona ba ta rabuwa, don kawai a hana 'ya'ya mata gadonsu?

Mutanen alƙaryar sun kasu uku: masu saɓo, da masu hani, da waɗanda suka ce wa masu hani me ya sa suke wahalar da kansu a kan mutanen da Allah zai halaka. Masu hani suka amsa cewa suna yi ne don su sami hanzari a wurin Ubangijinsu, kuma wataƙila masu saɓon su ji tsoro. Da azaba ta zo, Alƙur'ani ya ambaci tsirar masu hani da halakar masu zalunci, bai ambaci kashi na uku ba. An ruwaito cewa Ibnu Abbas ya yi kuka a kan wannan, yana tsoron makomar masu gani su yi shiru, har sai da almajirinsa Ikrima ya nuna masa cewa ai su ma sun ƙi abin da aka aikata, sai ya yi murna ya tufatar da shi. Abin da ya sa Ibnu Abbas kuka bai kamata ya bar mu muna barci ba, musamman da yake aya ta 78 da ta 79 ta Suratul Ma'ida sun bayyana cewa an la'anci waɗanda suka kafirta daga cikinsu a kan harshen Annabi Dawuda da Annabi Isa, kuma daga cikin dalilan akwai barin hana juna mummunan aiki.

DARASI NA HUƊU: IDAN MALAMAI SUKA ƁACI

Ilimi bai yi musu ƙaranci ba. Suratul Jumu'a, aya ta 5, ta kamanta waɗanda aka ɗora wa Attaura ba su ɗauke ta ba da jaki mai ɗauke da littattafai. Suratul Baƙara ta zarge su da umurtar mutane da alheri suna manta kawunansu, da ɓoye gaskiya suna sane, da rubuta abu da hannunsu su jingina shi ga Allah don kuɗi kaɗan, da yin imani da sashen Littafi su bar sashe. Mabiya su ma ba su kuɓuta ba. Da Adiyyu ɗan Hatim (R.A.) ya ji aya ta 31 ta Suratut Tauba, mai cewa Ma'abuta Littafi sun riƙi malamansu da masu ibadarsu iyayengiji, sai ya ce ai ba su bauta musu ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya fahimtar da shi cewa bin su wajen halatta abin da Allah ya haramta da haramta abin da ya halatta, shi ne bautar.

Wannan darasi ya fi shafar mu, mu da muke kira zuwa ga Littafi da Sunna. Mun daɗe muna sukar makauniyar biyayya a wurin wasu. To shin idan aka kawo mana hujja ingantacciya wadda ta saɓa wa maganar malamin da muke ƙauna, mukan karɓa, ko kuwa mu ma "Malam ya ce" ita ce ƙarshen zance? Shin mai wa'azinmu yana faɗin gaskiya iri ɗaya a gaban talaka da gaban mai mulki, ko kuwa murya takan yi laushi gwargwadon nauyin ambulan?

A shekarar buɗe Makka wata mata daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu (R.A.) ya nema mata sassauci. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi fushi, ya miƙe ya yi huɗuba, ya bayyana cewa abin da ya halaka waɗanda suka gabace mu shi ne idan mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi, ya kuma rantse cewa ko 'yarsa Faɗima ce ba zai ɗaga mata ƙafa ba. Duk mai kiran a tsayar da shari'a ya auna kiransa da wannan ma'auni. Shari'ar da ta san ɓarawon akuya ba ta san ɓarawon baitulmali ba, ita ce ainihin abin da aka yi mana gargaɗi a kansa.

DARASI NA BIYAR: RARRABA DA TANKAƊE

Suratul Jasiya, aya ta 16 da ta 17, ta ambaci Littafi da hukunci da annabcin da aka ba su, kana ta ce ba su saɓa wa juna ba sai bayan ilimi ya zo musu, saboda zalunci da ƙyashi a tsakaninsu. Jahilci bai raba su ba, masu ilimi ne suka raba su. Mu tuna kuma cewa uzurin da Annabi Haruna ya bayar a Suratu Ɗaha, aya ta 94, shi ne tsoron kada a ce ya raba kan Bani Isra'ila. Mu da muka ga yadda masallaci ɗaya ke zama biyu, makaranta ɗaya ta zama biyu, 'yan'uwan da suka sha jifa tare a wurin wa'azi su daina gaisawa, ya kamata kowannenmu ya tambayi zuciyarsa tsakaninsa da Allah: saɓanin nan na hujja ne, ko na kujera? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Labarin Ɗaluta a Suratul Baƙara, aya ta 246 zuwa ta 251, ya nuna mana yadda Allah ke tankaɗe masu da'awa. Manyansu ne da kansu suka nemi Annabinsu ya naɗa musu sarki su yi yaƙi. Da aka wajabta yaƙin sai mafi yawa suka juya baya. Da aka naɗa Ɗaluta sai suka ce ba shi da dukiya, alhali Allah ya ba shi yalwar ilimi da ƙarfin jiki. Da aka iso ƙorama aka hana su sha sai kamfata ɗaya da hannu, mafi yawa suka sha suka ƙoshi. Da aka ga rundunar Jaluta, wasu suka ce ba za su iya ba. 'Yan kaɗan da suka rage su ne Allah ya ba nasara, Dawuda ya kashe Jaluta. Bukhari ya ruwaito daga Barra'u ɗan Azib (R.A.) cewa sahabbai sun kasance suna faɗin adadin mutanen Badar daidai yake da na waɗanda suka haye ƙoramar, wato 310 da 'yan kai. Wanda bai iya riƙe kansa a gaban ruwan ƙorama ba, ba zai tsaya a gaban Jaluta ba. Kada yawan jama'a a wurin taro ya ruɗe mu, kada kuma ƙarancinsu ya karya mana guiwa.

SUNNAR ALLAH BA TA DA ƊAN GIDA

Tushen duk waɗannan cututtuka shi ne zaton cewa kusanci da Allah gado ne. Sun ce su ne 'ya'yan Allah da masoyansa, sun ce wuta ba za ta taɓa su ba sai 'yan kwanaki. Aya ta 123 ta Suratun Nisa'i ta rushe wannan zato a kansu da kanmu baki ɗaya, inda ta nuna cewa al'amarin ba ya bin burace-buracenmu ko na Ma'abuta Littafi, duk wanda ya aikata mummuna za a saka masa da shi. Farkon Suratul Isra'i ya ba da labarin ɓarnarsu sau biyu da yadda aka sallaɗo musu maƙiya. Masu tafsiri sun yi saɓani wajen ayyana lokutan biyu, amma tarihi ya adana cewa Bukhtanasar sarkin Babila ya rushe Baitul Maƙdis wajen shekara ta 586 kafin Miladiyya, Rumawa kuma suka sake rushe shi a shekara ta 70 Miladiyya.

Shin an ɗaga wa wannan al'umma ƙafa? A 1258 Tattar suka shiga Bagadaza suka kashe Halifa Musta'asim. A 1492 Garnaɗa ta faɗi, bayan Musulmi sun yi kusan shekara 800 a Andalus. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, amma tun a 1807 ƙanensa Malam Abdullahi ya bar runduna ya nufi gabas, saboda ɓacin ran ganin yadda son duniya da mulki ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, har mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Kafin a cika shekara 100, a 1903, Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wajibi ne kuma mu yi adalci kamar yadda Alƙur'ani ya yi. Abin zargi aiki ne, jini ba shi da laifi. Aya ta 159 ta Suratul A'arafi ta tabbatar da cewa a cikin mutanen Musa akwai jama'a masu shiryarwa da gaskiya, aya ta 113 ta Ali Imrana ta ce Ma'abuta Littafi ba ɗaya suke ba, kuma Abdullahi ɗan Salam (R.A.), babban malaminsu a Madina, ya zama sahabi mai daraja. Aya ta 24 ta Suratus Sajda ta faɗi abin da ya sa aka fitar da shugabannin shiriya daga cikinsu, wato haƙuri da sakankancewa da ayoyin Allah. Da waɗannan biyu suka hau, da rashinsu suka sauka, kuma ƙofar da muke bi ke nan.

KAMMALAWA

Da Manzon Allah (S.A.W.) ya iso Madina ya iske Yahudawa suna azumin Ashura don godiya a kan tsirar Annabi Musa, sai ya nuna cewa mu muka fi cancanta da Musa, ya yi azumin ya kuma yi umurni da shi. Wannan cancanta ta biyayya ce, kuma takan kuɓuce wa wanda ya bar biyayyar.

Saboda haka muna kira ga kanmu da 'yan'uwa, kowa ya ɗauki Suratul Baƙara daga aya ta 40 zuwa ta 123 ya karanta da tafsirinta a cikin wannan wata, shi da iyalinsa. Duk inda aka ambaci wani aibi, ya dakata ya nemi irinsa a cikin gidansa da kasuwancinsa da mu'amalarsa da 'yan'uwa kafin ya wuce. Wanda ya san yana riƙe da gadon wata, ya mayar. Wanda ya ƙaurace wa ɗan'uwansa a kan abin da bai kai ba, ya je ya yi masa sallama. Masu wa'azinmu kuma su fara karanta wa kansu aya ta 44 kafin su hau mumbari.

Allah ya tsarkake zukatanmu daga shirka bayyananna da ɓoyayya, ya sa mu cikin masu ji su bi, ya haɗa kanmu a kan gaskiya, ya kiyashe mu daga zama izina ga na bayanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa.